Illo Mahauci da Malmala Ɗaya

Illo ɗan mahautan Ƙofar Marke ne, kuma kamar ubansa, sai da ya yi dambe kafin ya riƙe wuƙa. Shekara goma sha ɗaya yana shiga fage. Ya taɓa zubar wa wani haƙora huɗu a Kalambaina, shi ma an karya masa hanci sau biyu, shi ya sa in yana numfashi sai ka ji kamar ana fito. A wancan zamani malmala biyar yake tashi da ita, jiki ya ƙone ta kafin gari ya waye. Da ya bar dambe bai bar cin 'yan dambe ba. Fura da sukari da safe, shinkafa tana iyo cikin mai da rana, soyayyen kitse a tsakani. Yana shekara arba'in da shida ya kai kilo ɗari da ashirin da takwas.

Wata Talata da hantsi, wani bijimi ya tsinke igiya a mayanka. Mutane suka watse, amma Siddiƙu, aminin Illo tun ƙuruciya, ya zame a kan jini ya faɗi. Illo ya zabura zai kama ƙaho kamar yadda ya saba da can. Taku goma ya yi numfashinsa ya ɗauke, gwiwoyi suka ƙi. Yana kallo bijimin ya soke Siddiƙu a ciki, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, sannan ya juyo ya haɗa Illo da bango har haƙarƙari uku suka karye. Siddiƙu bai kai asibiti da rai ba.

A gadon asibiti aka gano hawan jini da alamar ciwon sukari. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi Dorcas ce, 'yar Sabon Gari da ta daɗe tana sayen nama a wurinsa. Ta fara yi masa bayanin rage ƙiba, ya juya fuska bango. Abu guda ke ransa: da ƙafarsa ta ɗauke shi, da Siddiƙu na nan.

Da aka sallame shi sai ya hukunta cikinsa. Kwana uku ruwa kawai yake sha. Rana ta huɗu jiri ya ɗebe shi yana tsakiyar sara ƙashi, wuƙa ta tsaga masa tafin hannun hagu. Dorcas ce ta ɗinke shi, tana ɗinki tana faɗa.

"Malam Illo, wa ya ce ka kashe kanka da yunwa? Abinci yana da ma'auni, kalori ake ce masa. Kai kana zuba fiye da dubu huɗu a rana, alhali dubu biyu da ɗan wani abu sun ishe ka. Cokali ɗaya na mai ya haura ɗari."

"To mi za ni ci, Sista?"

"Komai, amma da awo. Tuwo daidai dunƙulen hannu, nama daidai tafin hannu ba kitse, rabin kwano kuma ganye. Rabin kilo a mako ya isa."

Ya dunƙule hannun dama ya nuna mata. Ta dube shi ta ce, "Ba wannan ba. Na matarka."

Kaltume, matarsa, ta riƙe maganar gam. Ranar farko da ta ajiye masa malmala ɗaya da zogale, ya ɗauki kwanon ya yi jifa da shi, ya bugi garu, miya ta wanke shanya. Kaltume ta ɗauko tsintsiya. Ta share, ta sake zubo daidai wancan, ta ce, "Maigida, ko sau goma kaz zubar, wanga dai za ni kawo ma." Ya ci yana huci.

Yunwar makonnin farko ta mai da shi kamar garwashi. Wata rana a rumfa, Hamza, wani mahauci mai tsinin baki, ya leƙa kwanonsa ya kwashe da dariya.

"Ku taho ku gani, Illo ya koma cin haki awa bijimin da yak kashe Siddiƙu!"

Naushi ɗaya Illo ya kai masa. Muƙamuƙin Hamza ya goce, ya faɗa kan teburin nama, jini na zuba ta baki da hanci. Illo ya hau ruwan cikinsa zai ƙara, sai da mutum biyar suka ɓamɓare shi. Sarkin fawa ya hana shi rumfa wata guda, ya ce ba don ana duba rashin da ya yi ba, da hannun hukuma zai kwana.

Kunya ta hana shi zaman majalisa, sai ya kama tafiya. Kullum bayan sallar asuba sai ya fita a ƙasa, ya zaga ya dawo rana ta ɗaga. Ya daina sa sukari a fura, Kaltume na auna mai da cokali. Wani makon nauyinsa ya sauka, wani makon sikelin asibiti ya tsaya cik, da babbar salla ma kilo biyu ya ƙaru. Cikin wata goma sha huɗu ya dawo kilo ɗari da huɗu, jininsa ya daidaita, likita ya rage masa magani.

Sau uku yana zuwa gidan Hamza neman gafara. A na ukun Hamza ya ba shi hannu, amma har yau da gefe ɗaya yake tauna, kuma gaisuwarsu ba ta wuce sallama. Kaltume kuwa, da ta riƙa cin irin nasa don kada a dafa tukunya biyu, ciwon gwiwar da ya hana ta durƙusawa shekara shida ya sake ta.