Hoton Gwaggo a Bakin Madafa

Atamfa ce ta sa ni koyon ɗaukar hoto. Ina da ɗan butik a kasuwar Sokodé, kuma da mata suka fara sayen zane ta waya, ni ma na shiga ɗauka ina turawa. Sai dai hotunana ba sa jawo kowa. Shuɗi ya fito baƙi, ja ya koma ruwan ƙasa. Har wata mata daga Tchamba ta taɓa maido mini da turmi, ta ce ba shi ta gani ba.

Kusa da ni akwai shagon wani dattijo mai hoto, wanda a da shi ake kira duk wani biki ko suna a unguwarmu ta zango. Yanzu kowa da wayarsa, ba mai leƙa shi sai mai neman hoton katin shaida, ga idanunsa sun fara rauni. Wata safiya ya hango ni ina fama da zane cikin duhun butik, ya taso.

"'Yata, fito da shi bakin ƙofa," in ji shi. "Kada ki shanya shi a rana, inuwar da ke maƙwabtaka da rana ake nema. Kuma goge idon wayar nan, duk maiƙo ne."

Na goge da bakin mayafi, na sake ɗauka. Launin ya fito sak.

Tun daga ranar, in kasuwa ta lafa sai in ja kujera zuwa ƙofarsa. Yakan zaro tsofaffin hotuna daga akwati ya ce in faɗa masa ta ina haske ya shigo. Ya hana ni ɗaukar mutum da tsakar rana, don inuwa kan zauna a ƙarƙashin ido. Ni kuma ina kunna masa darussan bidiyo na Faransanci da nake kallo. Ba ya ganinsu sosai, saurare yake yi, wani ya gyaɗa kai, wani ya yi tsaki. A nan na koyi taɓa fuskar mutum a kan gilashin waya kafin in ɗauka, don baƙar fata ta fito da kyau. Wannan dabara ta burge shi ƙwarai. Na kuma shiga wani zaure na masu hoto a waya, inda kowa ke tura aikinsa a yi masa gyara ba kara.

Ana nan sai yayana da ke zaune a Gabon ya kira ni. Gwaggonmu ta Dapaong, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, tsufa ya kama ta, kuma duk danginmu ba mai hotonta ko ɗaya. Ya roƙe ni in je in ɗauko hotonta.

Da na isa na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta shiga ɗaki ta ci ado, ta fito ta zauna a kujera ƙiƙam, ta ɗaure fuska kamar tana gaban alƙali. Na ɗauka, na sake ɗauka. Haske ya yi daidai, amma matar da ke ciki ba gwaggona ba ce. Raina ya ɓaci, na koma gefe na kira dattijon a waya.

"Me take yi da hannunta kullum?" ya tambaye ni.

"Tsintar wake, Baba."

"To ajiye wayar. Bar ta ta tuɓe adon nan, ta manta da ke."

Kashegari da hantsi na same ta a bakin madafa da faifai a cinya, haske na zuba a gefen fuskarta. Na tsuguna har idona ya yi daidai da nata, na tambaye ta yadda ta fara zuwa garin. Ta ce a bayan motar goro suka zo da mijinta mahauci, rago ɗaure a ƙafarta, ya cinye mata rabin gyalen amarci kafin su sauka. Tana cikin dariya na ɗauka.

Da na miƙa mata wayar, ta daɗe tana kallo. Dariyar ta tsaya.

"Ɗiyata, wannan ai Inna ce," ta ce a hankali. "Haka take zama, haka take karkata kai."

Mahaifiyarta ta rasu ba a taɓa ɗaukar ta ba, kuma Gwaggo ta ce ta jima tana neman fuskarta a zuci tana kasawa. Ta sa na buɗa mata hoton, ta bi goshin da yatsa, hawaye na sauka kan wake.

Kafin la'asar labari ya zaga gidan. Tsofaffin maƙwabta suka riƙa shigowa, wata da kaɗinta, wata da ƙwaryar gyaɗa, kowacce na son a ɗauke ta tana aikinta. Dole na ɗage komawa Sokodé sai bayan Juma'a.