Sallar da Birmingham ta yi fushi da Manchester

Shekaru da yawa duk wani danginmu da ke Ingila a Birmingham yake Sallah, gidan Yaya. Ita ta fara zuwa ƙasar, ita ta tarbe mu ɗaya bayan ɗaya, don haka ba a ma tambaya. Sai muka samu gida mai faɗi a unguwar Levenshulme ta Manchester, ɗaliban unguwar Fallowfield suka gano hanyar kicin ɗina, dangi kuma suka fara cewa Manchester ta fi sauƙin zuwa. Ban kori kowa ba. Gaskiya ma daɗi nake ji.

Shekarar da abin ya fashe, masallacinmu ya ce an ga wata, na su Yaya ya ce sai an cika talatin. Ƙanwarmu da ke Stoke, a tsakiyar hanya, ta bi namu, ta kwaso 'ya'yanta ta taho, sauran suka biyo ta. Da azahar Yaya ta kira ta wanke ni tas, wai na sa mutane cin abinci ranar azumi. Ni kuwa bakina ba ya jira, na ce ai ba ni na rataya watan ba. Ta kashe waya.

'Yata tana wanke tukwane tana murmushi. Tarihin tsohuwar Girka take karanta a jami'a, karatun da na sha yi mata gori a kansa, don ni likita na so.

"Mama, kun zama Athens da Sparta," in ji ta.

Na ce ta yi min Hausa. Ta ce birane ne biyu. Sparta ce babba, kowa ita yake bi, sai Athens ta yi jiragen ruwa ta bunƙasa, ƙananan garuruwa suka riƙa komawa wajenta. Da yaƙi ya tashi an ce a kan wani tsibiri ne da rigimar kasuwa, amma ainihin abin tsoro ne, Sparta ta ga ana barin ta.

"Ke ce Athens. Anti ta Stoke ce tsibirin."

"To wa ya ci?"

"Sparta, bayan shekara ashirin da bakwai. Amma duk sun lalace."

Na ce ta mayar da hankali kan tukunyarta. Amma maganar ta tsaya min a rai.

Washegari, ranar Sallarsu, na sake sa kayan jiya muka kama hanyar Birmingham. Mun tarar an shimfiɗa ledar cin abinci daga bango zuwa bango, kuloli sun kai goma, Yaya da mijinta kaɗai zaune a gefe. Ta dafa na mutum talatin kamar kullum.

Ba ta ta da zancen wata ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗauki faranti, tun asuba nake suya."

Na zauna na ci waina bakwai a ƙoshe. Kunya ta hana ni ɗaga kai, tausayinta kuma ya hana ni cewa ya isa.