Shekarar da Aka Ba Ƙanwata Usur

Shekara da shekaru ni ke tsaron mashanyar waken unguwarmu a Dakoro, ba wanda ya sa ni. Ƙofar gidana na kallon kafar da ke jikin shingen ƙaya, inda awaki ke kutsawa in an sake su bayan girbi. Ina zaune ina saƙar faifai, tsawa ɗaya zan yi akuya ta juya.

Wata shekara da kaka, mijin ƙanwata, mai kai hatsi Najeriya, ya dawo da usur da sabon suna. Ya gaya wa matan da ke shanya cewa can masu tsaro 'yan sintiri ake ce musu. Wai daga Ingilishi ne, sunan sojan da aka tsayar ya sa ido, ba zama, ba gyangyaɗi. Mu gardi muka sani, wato mai gadi, shi kuwa da tabarmarsa yake zuwa aiki. Ban shiga lakwal na yi boko ba, don haka ban musa ba. Amma da mata suka rataya wa ƙanwata usur ɗin suna guɗa, ranar ko fura ban iya sha ba.

Ta biyo ta gabana, ta ce, "Yaya, sai ki huta, idonki ya tsufa."

Na ce, "Da shi na ga wankanki na fari. Ki zauna bakin kafa, nan suke shiga."

"'Yar sintiri ba ta zama, Yaya." Ta busa, ta wuce.

Kwana huɗu tana zagaya shinge. Rana ta biyar da azahar, tana can ƙuryar gabas, wata jar akuya ta sa kai a kafa, shida na biye. Na gan su sarai. Tsawar ta zo har maƙogwarona, na haɗiye ta, na ci gaba da saƙa. Kafin ta zagayo sun ci sun tattake waken wata mai takaba, rabin noman daminarta.

Aka karɓe usur. Mata suka kawo mini shi har ɗaki, abin da nake jira. Mai takabar ba ta fita, sai ta aiko aka ce mini, "Inna, da ke ce, da haka ba ta faru ba."

Na karɓi usur ɗin. Ƙanwata ta san inda nake zaune ranar, ta san abin da ake hange daga wurin. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba. Tana gaishe ni in mun haɗu, amma ba ta ƙara cin abincin gidana ba.