Fatawar da na yi a kan cukun Bello

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bello ya rasu.

Ina zaune a zaure da safen nan, ban ko rufe littafi ba, aka kira ni daga Kalgo. Jiya da la'asar ya taso daga wata ruga bayan Diggi a kan babur, da ƙwaryar cuku ɗaure a baya, taya ta fashe masa a gangare. Bai kai safiya ba.

Mutuwa ta isa abin tsoro, amma abin da ya fi razana ni shi ne ya tafi ya bar ni da alkawarinsa a wuya.

Ga wanda bai san shi ba, Bello mai shayi ne a kusa da jami'a a Kalgo. Da girmansa, da iyalinsa, ya zo nan Gwandu ya durƙusa gabana ya karanci hukunce-hukuncen tsarki da salla. Bai taɓa shigo mini hannu rabbana ba. Lokacin da iyalina ta yi doguwar jinya, kowace Juma'a sai kwalbar man shanu ta iso gidana, sai daga baya na san daga wurinsa take.

Da ƙwai ya yi tsada, sai ya koma sa cuku a cikin burodi yana gasawa. Ɗalibai suka yi masa caa. Ni ban san ya sauya sana'a ba.

Wata Asabar a wurin karatu wani ya tambaye ni: "Allah gafarta Malam, burodi da cukun nan da ake sayarwa a bakin jami'a, ya halatta?"

Ban tambayi wane cuku ba ne. Ban tambayi wa ke yin sa ba. Na ji an haɗa cuku da burodi, zuciyata ta ce abincin Turawa ne, cukun kanti ne. Na san kuma akwai wanda ake daskarar da shi da abin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, kuma idan ba a yanka dabbar ba, mushe ce. Sai na ce mai tsoron Allah ya nisance shi.

Akwai mai ɗauka da waya. Kafin sati ya zagayo bidiyon ya gama Kalgo, ana cewa Malam ya ce mushe ne. Mutum ɗaya ne ke wannan sana'a a wurin.

Bello bai aiko da saƙo ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Ranar Laraba da hantsi sai ga shi da kansa, da kasko da tukunya da ɗan murhun gawayi da kayan haɗi. Ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sannan ya ce:

"Allah shi gafarta Malam, na ji abin da anka ce ka ce. Ban zo gardama ba. Kai ka koya muna a bincika kafin a yanke. To ga shi na kawo maka, ka bincika."

Ya hura wuta a ƙofar zaure. Ya ɗora ɗanyar madara, da ta yi ɗumi ya daddaka karan tumfafiya ya jiƙa a cikin 'yar madara, ya tace, ya zuba a tukunya. Ina kallo ta tsinke, farin ya taru, ruwan ya ware. Ya kwashe a ɗan kwando ya tsane.

"Ka ga mushen ke nan, Malam," in ji shi, yana murmushi. "Tumfafiya ce. Haka Inna Jumma ke yi a ruga tun ba a haife ni ba, wurinta nike saye."

Ya tsaga burodin Kalgo, ya shafe shi da man shanu ciki da waje, ya jera cukun, ya yanka albasar fadamarmu da tattasai, ya barbaɗa yaji. Ya kwantar a kasko ya danne da murfin tukunya, ya juya, har kowane gefe ya yi ja. Cukun ba ya narkewa, laushi kawai yake yi. Kafin ya miƙo mini sai da ya yanke ɓawon, domin ya san haƙorana.

Na ci. Wallahi na ci, kuma halal na ci.

Na ce: "Bello, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce: "Ni ɗanka ne, Malam, tsakanina da kai babu komai. Amma Inna Jumma ta ji labari. Ta ce shekarunta sittin ba ta taɓa ciyar da Musulmi ƙazanta ba. Ka faɗa wa mutane, a wurin da ka faɗi na farko."

Na ce Asabar mai zuwa, in Allah ya so.

Asabar ta zo, akwai baƙon malami a majalisin, na ce ba yau ba. Ta biyu na ce babin da muke ciki bai dace ba. Ta uku ban ma nemi dalili ba. Gaskiyar ita ce, harshen da ya yi shekara arba'in yana gyara wa mutane ya ji nauyin cewa "na yi kuskure." Bello bai sake tuna mini ba. Waccan Laraba ita ce ganina da shi na ƙarshe.

Ni na karantar da cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na shafe shi, amma haƙƙin mutum yana nan sai an mayar wa mai shi. Na sha faɗar haka ina kallon fuskokin mutane suna sauyawa. Yau ni ne a wurinsu. Ya yafe nasa, na sani, amma ya roƙe ni abu guda, na amsa, ban yi ba. Ya bar duniya akwai masu cewa mushe ya sayar. Shekaruna sun haura saba'in, ban san kwana nawa ke tsakanina da shi ba, kuma ban san da wace fuska zan tsaya ba idan aka tambaye ni.

Saboda haka ba zan jira wata Asabar ba. Ku shaida:

Fatawar da na bayar kuskure ce, na yi ta ba da bincike ba, kuma na janye ta. Cukun Bello madara ce da tumfafiya, mai tsarki ne, halal ne. Shi da Inna Jumma da matan rugarsu ba su da laifin komai. Laifin nawa ne.

Duk wanda ya tura bidiyon farko, ina roƙonsa don Allah ya tura wannan ga mutanen da ya tura wa wancan, ɗaya bayan ɗaya. Kada ya bari sai gobe.

Za a yi jana'iza a Kalgo bayan azahar. An ce ni zan sallace shi. Na ce sai na fara tsayawa gaban jama'a na maimaita wannan magana da bakina. Daga maƙabarta kuma zan wuce rugar. Ban san ko tsohuwar za ta saurare ni ba.

Ya Allah ka gafarta wa Bello, ka yalwata masa kabarinsa, ka tsare masa iyalinsa. Ya Allah ka karɓi wannan gyara ko da ya zo a makare, kada ka tsayar da ni da shi a gabanka a kan wannan magana.

Ku yi masa addu'a. In kun gama, ku sa da ni, domin na fi shi bukata.