Direban da Bai Taɓa Tuƙi Ba

Kawu Ɗanbala, ƙanin mahaifiyata, shekararsa goma sha ɗaya a Riyad yana aikin filasta, amma a iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, an rubuta direban gida ne. Kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa a biza, da wani abokinsa ke da ɗan kamfanin ginin da yake wa aiki, kuma bizar direba ce ta fi sauƙin samu lokacin da suka ɗauko shi. Shi kansa abin dariya ya mai da shi. Duk Juma'ar da ya zo cin tuwo gidanmu a Malaz sai ya ce, "Ga direban da bai san ina birki yake ba."

A 2016 katako ya karye da shi a hawa na uku a Dir'iyya, ƙashin bayansa ya taɓu. Da yake Larabcina ya fi nasa, ni na tura kekensa zuwa ofishin inshorar ma'aikata. Jami'in ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ce mutum tara kamfanin ya yi wa rajista, babu sunan Kawu. Inshorar rauni ba ta shafi direban gida ba.

"Me ya ce, Huseina?"

Na kasa ɗaga kai. "Wai ba ka cikin kamfanin, Kawu."

"Ce masa ya dubi hannuna."

Ya miƙa tafukan da siminti ya cinye. Jami'in ya duba, ya yi masa addu'ar samun lafiya, ya kira mai biye. Bayan wata biyu kafil ya buga masa bizar fita, ya koma Najeriya ƙafafunsa ba sa motsi.