Karan da Aka Yanka wa Mai Rai

Duk wanda ya taɓa raka gawa a unguwarsu a Birnin Kudu ya san Malam Badamasi, ko bai san sunansa ba ya san ƙeyarsa, don kullum yana cikin rami a sunkuye mutane na sama suna kallonsa. Manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, amma haƙar kabari tun yana saurayi yake yi, wajen babansa ya gada. In an yi rasuwa ba a yi masa dogon bayani, kara kawai ake kawo masa. A samu karan dawa miƙaƙƙe a gwada mamacin daga kai har ƙafa a yanke daidai a miƙo masa, shi kuma ya shimfiɗa a ƙasa ya zana ya fara sara. Tun da yake bai taɓa karɓar yankakken kara a hannunsa ba tare da ya haƙa masa rami ba, ko sau ɗaya.

To wannan mutumin fa wallahi ba abin da yake so a duniya irin ƙwallon kwando! Akwai wani fili bayan unguwa, simintin duk ya farfashe, kwando ɗaya ma ya karkace, nan ƙungiyar Tsamiya ke wasa, da an idar da la'asar za ka gan shi a kan dutsensa ya naɗe ƙafar wando yana ihu. In aka ce Malam me ya haɗa ka da wasan yara sai ya ce, "A nan mutane sama suke yi. Na gaji da masu yin ƙasa."

Sai Godfrey ya tafi. Godfrey shi ne sentansu, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando yana tare duk abin da aka jefo, aka yi wa babansa canjin wajen aiki suka kwashe kaf, Tsamiya ta koma kamar gida ba ƙyaure, kowa ya zo ya zura ya wuce. 'Yan Gwaram kuwa dogaye biyu gare su, Abdulnasir na Farin Dutse da Ismail na Kwandiko, suka ce za su ba da ɗaya in an ba su gajeru biyu masu gudu, Tsamiya ta zaɓa. Shi kenan bakin fili ya kama da wuta.

Maikuɗi mai faci shi ne shugaban magoya baya, shi Abdulnasir yake so. "Wannan ƙirjin nasa kamar buhun masara, wa zai ture shi?"

Malam Badamasi ya ce, "Buhun masara yana tsalle ne? Ismail in ya ɗaga hannu sai ya tsinko maka tsamiya yana tsaye!"

"Kai Malam, ai don ɗan ƙanwarka ne! Da jaki Barira ta haifa cewa za ka yi a kawo shi."

"In jakin ya fi ka tsawo me zai hana?"

Aka bushe da dariya don Maikuɗi ko kafaɗar kowa bai kai ba. Wani ya fito da waya ya nuna hoto, wani ya ce ƙarya ne a kan bulo ya tsaya, wani ya rantse hula ce ta ƙara wa Abdulnasir, kullum haka har a kira magariba. Daga ƙarshe aka ce to wanda ya fi tsawo shi za a ɗauka, magana ta ƙare, Maikuɗi ya hau mashin ya je ya gwado.

Ya je ɗin, amma ya manta tef ɗin awo. Kaka ce, an gama yankan dawa, ga kara ko'ina a bakin hanya, sai kawai ya zaro biyu ya tsayar da samarin jikin bango ya gwada kowa ya yanke daidai kansa, ya ɗaura wa na Ismail jan tsumma ya ɗauro su a bayan mashin ya taho yana murna.

Ranar Malam Badamasi ya makara a gona. Yana isowa fili ya hango kara biyu a jingine jikin ƙarfen kwando, an yanke bakinsu tsaf, kafin ma ya yi tunani hannunsa ya riga shi, ya ɗauki ɗaya ya ce, "Inna lillahi. Har biyu? Su waye?"

Kowa ya juya ya kalli Maikuɗi.

Maikuɗi ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba ya ce, "Haba Malam, ba rasuwa ba ce, gwaji ne. Ka ci nasara ma, naka ya fi da yatsa biyu. Ga shi nan a hannunka."

Ya duba. Jan tsumma.

Wai iska ma tsayawa ta yi lokacin, ganyen tsamiya ko motsi. Ya ji nauyin karan a tafinsa irin nauyin da ya sani, idonsa ya kai ƙasa da kansa yana neman inda ƙasar ta fi taushi. Ya ce a hankali, "Maikuɗi, mai rai ka gwada da kara?"

"To da me zan gwada, da ƙafata? Malam kar ka kawo mana camfi, Juma'a yaron zai taho."

"A ɗauki Abdulnasir."

"Iye? Buhun masarar?"

"Na ce a bar Ismail a Kwandiko!"

Nan fa aka taso masa, wai tsufa ne, wai rana ta buge shi a gona, wani ya ce ko 'yan Gwaram sun ba shi goro ne. Malam Badamasi ya saɓa karan ya tafi gida, don ba zai bar shi a hannun yara ba.

Shi ma fa ya san ajali na Allah ne, kara ba ya kashe kowa, shi da bakinsa yake gaya wa masu kuka haka a maƙabarta. Amma sani daban, hannu daban. Ya jingine karan a zaure a tsaye. Da safe ya fito ya tarar da shi a kwance, kuma ba kwanciyar faɗuwa ba, miƙe sambal kudu da arewa yadda yake shimfiɗa shi in zai fara zane. Matarsa A'i ta ce akuya ce ta ture. Akuyar tana ɗaure a turke. Ya sake tayarwa ya tokare da turmi ya tafi gona, da azahar ya dawo, yana kwance, wuri ɗaya, turmin na nan inda yake. Ya tsaya yana kallo yana kallo, sai A'i ta ce, "Malam, me za ka yi da diga?" Ya duba, ga diga a hannunsa, bai san sanda ya ɗauko ba.

Ta ce, "Kawo in kakkarya in hura wuta da shi mu huta."

Ya ce, "Ki karya a ina? Ki karya nan tsawon Maikuɗi ne. Nan tsawonki. Nan kuwa," ya nuna ƙasa-ƙasa ya dubi jikarsu can tana wasa da gwangwani a tsakar gida. A'i ta janye hannunta.

Ya kira Barira a waya ya ce kar yaron ya taho. Ta ce, "Yaya, kai ka hana mu sakat a kan zuwan nan, yaro har ya wanke takalmi!" Ismail ya karɓa ya ce, "Kawu, laifin me na yi maka?" Malam Badamasi ya kau da zancen, don gani yake in ya furta kamar ya kira abin ne. Yaron ya ce shi dai Juma'a zai hau mashin, ko ana so ko ba a so.

Ranar Alhamis Malam Badamasi ya tafi rumfar faci da karan a kafaɗa ya ce Maikuɗi ya ɗauko ɗayan. "Kai za ka riƙe, ni ba zan taɓa shi ba. Haɗa bakinsu. Yanko robar taya ka ɗaure tamau."

Maikuɗi bai yi gardama ba wannan karon. Aka ɗaure, abu ya zama zungureriyar gora har tana lanƙwasa. Malam Badamasi ya ce, "To nuna min ɗan Adam mai wannan tsawon."

"Babu, Malam. Ko a talabijin."

"To ba na kowa ba ne. Ku riƙa zunguro ƙwallo da shi in ta maƙale. Yaro ya taho."

Ismail ya iso Juma'a lafiya lau, sai da ya sunkuya kafin ya shiga zauren kawunsa. Da la'asar ya shiga fili ya tare ƙwallo ya tare ya kuma tarewa, har Maikuɗi ya cire hula yana ihu wai dama shi tun farko Ismail yake so! Ƙwallo ta maƙale a bayan allo, aka zunguro ta da gorar aka yar a gefen fili. Malam Badamasi ya miƙe daga kan dutsensa yana tafi, rana ta yi ƙasa sosai, sai ya kalli gabansa. Gorar tana kwance daga yatsun ƙafarsa, inuwarsa ta miƙe a kanta, kuma inda hularsa ta ƙare nan bakin karan ya ƙare, daidai wa daida, kamar an yanka.

Ya daɗe yana kallo. Taku ɗaya zai yi gefe abin ya goce, bai yi ba.

Ismail ya ƙwalo daga ƙarƙashin kwando, "Kawu! Ka ga wannan?"

Ya ce, "Na gani, ɗana. Yi sama abinka."