Guntun Gatarin Kakata Eirlys

Na gane ko mene ne lokacin da na juya guntun ƙarfen, na ga ɗan zoben gefensa da ake ɗaure ƙota da shi. Gatarin tagulla ne, irin na shekara dubu uku da muka karanta a jami'a.

Kakata Eirlys a kiwon tumaki ta tsufa, nan kan tudun Wales, a Birtaniya. Duk Asabar takan goge kayan tagullar da ke bisa murhu, har da wannan guntun da marigayi kakana ya tono da garma, ya ba ta tun suna saurayi da budurwa. Yawan guga ya cinye koren tsatsa da zanen da ake gane zamaninsa da su.

"Ke ja'ira, ajiye min kayana," ta ce. "Ƙwace aka koya miki a makarantar?"

"Masu gidan tarihi dubawa kawai za su yi, Kaka."

Na kai shi gidan tarihin. Suka ce sai sun huda shi sun gwada ƙarfen, kuma mai yiwuwa su riƙe shi. Tun ranar na kasa haɗa ido da ita. Takan zuba min shayi, ta ce, "Sun kira?"

Ba su kira ba tukuna.